Bakin Shimfiɗar Faranti: Inda Ado Ke Jayayya da Wanki

Wanda ya saba ɗinka babban mayafin gado mai ciko yakan ɗauki shimfiɗar faranti, wato wadda ake sawa a tebur ƙarƙashin farantin abinci, a matsayin aikin hutu. 'Yar aba ce, inci 12 a faɗi, 18 a tsawo, ƙyalle a sama, ciko a tsakiya, shafi a ƙasa. Hannu yana kaiwa ko'ina a jikinta ba sai an yi kokawa da keken ɗinki ba. Sai an iso baki ake gane cewa ƙanƙanta daban, sauƙi daban.

A yi lissafi. Kewayen shimfiɗa ɗaya inci 60 ne, kuma ba wanda ke ɗinka ƙwaya ɗaya. A ce shida za a yi: inci 360 ke nan, yadi 10 cur na baki. Mayafin gado mai inci 90 da 100, kewayensa 380 ne. Wato bakin 'yan shimfiɗu shida ya kusa kamo na mayafin da zai rufe ƙaton gado, alhali mayafin kusurwa 4 gare shi da mahaɗa guda, wato inda farkon ɗaurin baki ke haɗuwa da ƙarshensa, su kuwa kusurwa 24 da mahaɗa 6. Bugu da ƙari, bakin mayafi yana can gefen gado yana lilo, ba mai duba shi. Na shimfiɗar faranti yana kwance a kan katako mai santsi, gab da idon wanda ya zauna, ga 'yar'uwarta a gefe da za a gwada su da juna. Duk inda ya ɗaga, inuwa za ta tona masa asiri.

Ni ra'ayina shi ne, kafin a tambayi wane ado za a sa wa bakin, a fara tambayar wane aiki bakin ke yi. Shi ke riƙe abubuwa uku da halinsu bai zo ɗaya ba. Ƙyallen sama, musamman in harhaɗe-harhaɗe ne, yana son miƙewa ta inda mahaɗansa suka nufa. Ciko yana son tsukewa in ya ji ruwan zafi. Shafi yana son zamewa ƙarƙashin madannin keke, wato ƙarfen da ke danne yadi a gindin allura. A tsakiyar shimfiɗa layukan ɗinki sun danne su, sun yi shiru. A baki ne kowannensu ke samun bakin magana. Ga hannu yana gogarsa kullum, ga wanki da ya ninka na mayafi sau da yawa, tunda aikinta ke nan ta tare maiƙo da abin da ya zube. Adon da bai iya wannan aikin ba, rana ɗaya yake yi yana ado.

Shi ya sa yawancin laifin da ake ɗora wa baki tun kafin a fara shi aka haife shi. Ɗinkin da ake bi ta tsakiya don haɗe ninki ukun yana jan yadi, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon jansa. Shimfiɗu shida da aka yanka daidai wa daida za su fito daga keke kowace da nata awon. Maganin shi ne a yanka su da rarar inci guda a kowane gefe, a gama ɗinkin tsakiya, a goge, sannan a datse su duka a kan awo ɗaya. A gwada daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, a sake gwada ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, shimfiɗar ta karkace, kuma babu ɗaurin bakin da zai miƙar da ita. Bayan nan a zagaya da ɗinkin riƙo, rabin kwatan inci daga baki, don ninki ukun su zama abu guda. Minti biyu yake ci, kuma shi ne abin da mai sauri ke tsallakewa.

Hanyar da aka fi sani ita ce ɗaurin baki da zirin ƙyalle mai ninki biyu. Ana yanka zirin da faɗin inci 2 da kwata ko 2 da rabi, a ninke shi biyu a tsawonsa, a goge, a jera ɗanyen bakinsa da ɗanyen bakin shimfiɗa, a ɗinka kwatan inci daga gefe, sannan a juya shi ya rungumi bakin ya sauka a baya. Bambancin kwatan incin nan ba ƙaramin abu ba ne. Zirin 2 da kwata in an ninke ya koma inci 1 da rabin kwata. Ɗinki ya ci kwata, saura ya hau gaba, ya zagaye kaurin shimfiɗar, ya rufe layin ɗinki a baya. Da siririn ciko, wanda shi ya dace da abin da za a ɗora wa kofi ba tare da ya yi rawa ba, wannan ya isa har da 'yar rara. In aka yi amfani da 2 da rabi a kan siririn ciko, ɗaurin yakan fito fanko. A matsa shi da yatsa biyu, za a ji ƙyalle kawai, babu ciko a ciki. Fankon ɗauri yana karyewa a layi ɗaya duk wanki, kuma nan yake fara cinyewa.

Kowace shimfiɗa tana buƙatar ziri mai kamar inci 72, wato 60 na kewaye da 12 na kusurwoyi da mahaɗa. Yadin auduga da aka saba faɗinsa 42 zuwa 44 ne, don haka dole a yi haɗi. A haɗa su a karkace, a buɗe haɗin a goge, don kaurin ya bazu maimakon ya taru wuri ɗaya ya yi ƙululu.

Yanzu ga inda maganar ta fi zurfi: ta wace fuska aka yanka zirin? Yadi saƙa ne, zaren tsaye da zaren kwance suna ratsa juna. A ja shi ta tsaye, da ƙyar zai motsa. A ja shi ta kwance, ya ɗan ba da kai. A ja shi a karkace, a kan digiri 45, sai ya miƙe kamar roba, saboda ba zaren ake ja ba, 'yan murabba'an saƙar ne ke lotsewa. Wannan yankan karkacen shi teloli ke kira bayas. Zirin da aka yanka a miƙe yana riƙe gefe ya tsaya cak, kuma ba ya cin yadi. Amma a daidai inda ya ninke a bakin shimfiɗa, zare ɗaya ko biyu ne ke bin layin tun daga farko har ƙarshe, su kaɗai ke shan guga. Ranar da suka tsinke, baki ya tsage a tsawonsa. A bayas kuwa zaruruwa suna ratsa layin ninkin a gicciye, kowanne ya taɓa shi sau ɗaya ya wuce, in ɗaya ya mutu maƙwabtansa na nan.

To me ya hana a yi komai da bayas? Miƙewar da ta ba shi daraja ita ce kuma haɗarinsa. In aka ja shi ana ɗinki, yana sauka daga keke zai koma tsawonsa na asali, ya tsuke kewayen, shimfiɗar ta yi kwari kamar tasa. In aka sake shi fiye da kima, baki ya fi jiki tsawo, ya yi ta tudu da gangare. A gefe miƙaƙƙe mai kusurwa huɗu, ni dai zirin miƙe nake zaɓa, in kwana lafiya. Amma da zarar baki ya lanƙwasa, ko da kusurwar kawai aka zagaye, maganar zaɓi ta ƙare. Bayas ne ko ba komai.

Da gumina na koyi wannan. Na taɓa sha'awar bakin nan mai jerin lanƙwasa kamar rabin wata a jere, na zana shi da alli ina bin gindin kofi, na yanke, na ɗauko ragowar zirin miƙe da nake da shi don kada ya tashi a banza. A kan kowane tudu zirin ya ƙi kwanciya, ya miƙe tsaye kamar kwalar riga. A kowane kwari ya tattare ya yi kumburi. Na danna masa dutsen guga da tururi har ya kwanta don dole, na ce shi ke nan. Na ɗauki ɗaya daga cikin shimfiɗun na kai wa tsohuwar da ta koya mini ɗinki ina jiran yabo. Ba ta ko kalli gaban ba. Ta shimfiɗa ta a tebur, ta ɗora tafin hannu a tsakiya, ta sunkuya har kuncinta ya kusa taɓa katakon, tana leƙen ƙarƙashin bakin.

"'Yar nan, kin wanke ta?"

"A'a, Inna, yanzu na gama ta."

"To ba ki gama ba. Guga ce ke riƙe da ita, ba ɗinki ba. Je ki jiƙa ta ki dawo."

Na jiƙa, ta bushe, kowane tudu ya naɗe sama kamar busasshen ganye.

Abin da ke faruwa a bakin lanƙwasa lissafi ne mai sauƙi. A kan tudu, gefen zirin da ke waje yana da tafiya mai nisa fiye da gefen da ke ciki, don haka dole ɗaya ya buɗe, ɗaya ya tsuke. Bayas kaɗai ke iya yin biyun a lokaci guda. Ana so ya zama siriri, har ma mai ninki ɗaya, faɗin kamar inci 1 da kwata, domin duk yadda ziri ya yi faɗi haka bambancin gefunansa biyu ke ƙaruwa. A kan tudu ba a ja, tura shi ma ake ɗan yi. A kwari ana tsayawa allura na ciki, a ɗaga madanni, a buɗe kwarin har ya kusa zama miƙaƙƙen layi, sannan a ci gaba. In an riga an ɗan tsaga kwarin da bakin almakashi, ba tare da an kai ga layin ɗinki ba, buɗewar takan zo da sauƙi. Kuma a yi lanƙwasar marar zurfi. Mai zurfi ta fi kyau a zane, amma kwarinta ƙunci ne da ƙyalle ninki-ninki ba zai shiga ba. Wani abin da ake mantawa shi ne rabo: 12 da 18 duka suna rabuwa da 3, suna rabuwa da 6, don haka lanƙwasa mai faɗin inci 3 za ta zauna a gefuna huɗun ba tare da an bar guntuwa ba. A fara zana na kusurwoyi, sannan a cike tsakani.

Kusurwa mai kaifi ita ma tana da sirrinta, ko da yake ya fi wannan sauƙi. Ana tsayawa saura kwatan inci a kai ƙarshen gefe, a ƙulle ɗinkin, a zare aikin daga keke. A ɗaga zirin sama ya yi ninkin karkace, a sake sauko da shi ya bi gefe na gaba, ninkinsa na sama daidai da bakin da aka baro, sai a fara ɗinki daga can. Wannan 'yar aljihun da aka bari ajiya ce, ita ce ƙyallen da zai zagaye kusurwar in an juya. Wanda ya wuce kwatan incin ya cinye ajiyar, kusurwa ta dunƙule. Wanda ya tsaya da wuri ya bar ta da kunne. Sau 24 za a maimaita, kuma galibi ta ashirin ta fi ta farko kyau nesa ba kusa ba, shi ya sa nake fara gwaji a kan tarkacen da na datse. Wanda bai son wannan duka, ya ɗora kofi a kusurwa ya zana, ya zagaye ta, ya bi da bayas. Ba ragwanci ba ne, zagayayyar kusurwa ma ta fi jure wanki domin ba ta da tsinin da zai fara goguwa.

Sauran kayan ado kowanne ana iya auna shi da tambaya biyu: ninki nawa ya ƙara wa bakin, kuma yaya zai fito daga ruwa?

Ɗauki 'yan kunnuwan nan masu kusurwa uku da ake jerawa su leƙo daga baki. Kowanne murabba'in ƙyalle ne da aka ninke a karkace sau biyu. Murabba'i mai inci 3 yana ba da kunne mai gindin inci 3 da tsayin 1 da rabi, ɗinki ya ci kwata, 1 da kwata ya leƙo. Suna da kyau ƙwarai, ba na musu. Amma kowane kunne ninki huɗu ne, inda biyu suka shiga juna takwas, a ƙara ƙyallen sama da shafi, goma ke nan ban da ciko. Dole a datse cikon ya tsaya kafin layin ɗinki, in ba haka ba allura ta yi ta tsalle. Bayan wanki kuma kowane kunne sai an bi shi da guga ɗaya bayan ɗaya. Gefe biyu gajeru kawai nake sa wa, in ma zan sa. A dogon gefen da ke fuskantar mai zama, hannun riga ne zai yi ta naɗe su.

Fayifin, wato igiyar da ake naɗewa cikin bayas a cusa a baki, yana ba da layi mai tsabta da ido ke so. Sharaɗinsa a jiƙa igiyar ta bushe kafin a naɗe ta in ta auduga ce, don takan tsuke fiye da yadi ta jawo bakin gaba ɗaya. Kuma a zaɓi siririya, domin mai kauri tudu ce da gindin kofi zai hau ya karkata. Igiyar ado mai zigizag ta fi sauƙi: a ɗinka ta tsakiyarta a kan layin ɗinki, rabin ya ɓoye, rabin ya leƙo kamar haƙora. Leshi da geza kuwa, a abin da ke shan maiƙo, ban ga dalilinsu ba.

Waɗannan duka sun fi zama a hanyar da ba ta da ɗauri, inda ake kifa fuska da fuska, a zagaya da ɗinki, a bar ƙofa ta kamar inci 4 a dogon gefe, a datse kusurwoyi, a juyo ciki waje, a bi bakin da ɗinki a sama. Tana da sauri, bakinta kuma siriri. Matsalarta ita ce an rufe baki kafin a yi ɗinkin tsakiya, don haka duk rarar yadin da madanni ya turo ba ta da mafita, sai ta taru a gefe ta yi tattara. Dabarar da ta fi ita ce a haɗe ƙyallen sama da ciko su kaɗai tukuna, a yi musu duk ɗinkin da ake so, a datse, sannan a kawo shafi. Bayan an juya, layi biyu ko uku sun isa su riƙe shi.

Wanda na fi so a cikinsu, kuma nake ganin shi ya fi dacewa da wannan aiki, shi ne ɗauri mai leɓe. Ziri biyu ake yanka masu launi daban, na ainihi faɗin inci 1 da rabi, na leɓe 1 da kwata uku. A haɗa su a tsawo, a ninke biyu. Tunda ɗaya ya fi ɗaya faɗi da kwata, ninkin ba zai faɗa a kan mahaɗar ba, sai launi na biyu ya leƙo da rabin kwatan inci. Ana fara ɗinka shi ta baya, a juyo shi gaba, a bi cikin kwarin da ke tsakanin launukan biyu da zare kalar leɓen. Daga nesa kamar fayifin, amma babu igiya, babu tudu, babu abin da zai naɗe. Ɗinkin da ke riƙe shi ya ɓuya a inda ido ba ya nema, kuma duka aikin keke ne.

Wannan ya kawo tsohuwar gardamar hannu da keke. Masu kammala ɗauri da hannu, da ɓoyayyen ɗinkin da ba a gani, suna da gaskiya cewa ya fi laushi da kyau. A mayafin da za a yi shekara ba a wanke ba, ina tare da su. A shimfiɗar da ke shiga ruwa duk mako, yadi 10 na ɗinkin hannu wahala ce da ba za ta daɗe ba. Keke ya fi ƙarfi, kuma yana da nasa adon. Ɗinki mai tafiyar maciji, ko mai kama da haƙoran mataji, in aka bi bakin ɗaurin da shi yana yin aiki biyu: yana ƙawata, kuma faɗinsa yana kama bayan ko da hannu ya ɗan kauce. Abin gudu shi ne cikakken zigizag mai matsatsi. Yana cusa zare da yawa a ɗan wuri, ya buɗe saƙar, bakin ya ƙara tsawo ya fara rawa. Allura mai lamba 90 da tsawon ɗinki milimita 2 da rabi zuwa 3 sun isa ga yawancin aikin. Madannin da ke da nasa haƙoran, wanda ke jan sama yadda haƙoran keke ke jan ƙasa, yana hana ninkin zamewa, sai dai ba ya jituwa sosai da ɗinkin adon da ke yawan komawa baya. A gwada a kan tarkace mai ninki uku, kada a gwada a ƙyalle guda, don ƙyalle guda ƙarya zai faɗa.

Saura alƙalin da Inna ta tura ni wurinsa. Cikon auduga yakan tsuke da kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko. Kashi 3 na inci 18 ya ɗan haura rabin inci. In jikin shimfiɗa ya ja da rabin inci, ɗaurin kuwa na roba ne ko an riga an wanke shi ya gama tsukewarsa, rabin incin nan bai ɓace ba, yana nan a baki yana neman wurin zama, kuma sama kaɗai zai iya tafiya. Haka in aka juya lamarin: jikin da aka wanke, ɗaurin da ba a wanke ba, sai baki ya shaƙe jiki. Don haka ba wai wanke yadi kafin ɗinki ne dole ba, dolen ita ce kayan su zo da tarihi ɗaya. Ko duka sun ga ruwa, ko duka ba su gani ba. Cikon roba ba ya tsukewa sosai, amma ba ya son zafin faranti ko na dutsen guga, don haka bai warware matsalar ba, canza mata wuri ya yi. Ga kuma rini. Ɗauri ja ko baƙi a kan farin jiki shi ne abin da ido ya fi so, shi ne kuma ya fi zuba. A jiƙa guntun zirin a ruwan ɗumi, a matse shi cikin farin ƙyalle, a duba.

Yanzu in zan yi shida, bakwai nake yankawa. Ta farko nakan gama ta tsaf, da bakinta da adonta, in wanke ta yadda za a riƙa wanke ta, in shanya, in ɗora a tebur ba guga. Sai in sunkuya in leƙa ƙarƙashinta. In haske bai ratso ba, in ci gaba da sauran. In ya ratso, ziri ɗaya na yi asara. Waɗancan masu lanƙwasar kuwa, daga baya na datse tuddan gaba ɗaya, na zagaye kusurwoyin da gindin kofi, na bi da bayas. Sun koma inci 10 da 16, sun yi wa faranti kaɗan, suna can ƙarƙashin tukwanen fulawa.